Toshewar Magudanar Wurin Wanka da Yadda Ake Maganinta

Ranar da na koma gida dogon hutun da ya wuce, na ajiye akwatina, na gaida mutanen gida, na shiga wanka don in kawar da ƙurar hanya. Ban gama cuɗa jikina ba sai na ji ruwa ya rufe mini tafin ƙafa. Na duba ƙasa, na ga kumfa da dauɗa suna ta kewaya bakin magudana, ruwan kuwa yana sauka kamar ana roƙonsa. Da na fito na gaya wa Umma, sai ta ce ai an fi wata biyu ana haka. Duk wanda ya gama wanka sai ya ɗauki tsintsiya ya kora ruwan zuwa bakin ramin, ya ja ƙofa ya tafi, kafin wani ya shigo ya tsane. Kowa ya saba, har an daina ganin abin da muni.

Bayan kwana huɗu Kakarmu ta shiga da butarta da asuba, santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa da hannu ta yi targaɗe. Allah ya kiyaye ba karaya ba ce, amma sai da ta yi mako biyu ba ta iya ɗaga buta, ƙanwata ce ke zuba mata ruwan alwala. Santsin nan kuwa ba daga ko'ina ya zo ba sai daga ruwan sabulun da ke daɗewa kwance a kan daɓe, yana barin yauƙi a duk inda ya tsane. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in rubuta wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na gani da abin da na koya, domin na tabbata gidanmu ba shi kaɗai ba ne, kuma wuraren wankan ɗakunan kwananmu na makaranta ma kowa ya san halin da suke shiga.

Da Baba ya ga hannun Kaka ya kumbura, ransa ya ɓaci, ya ce a yau ɗin nan a san yadda za a yi. Yayana ya ce shi zai gyara. Ya cire murfin magudanar, ya samo sanda ya yi ta zungura, yana dannawa da ƙarfi. Kafin ya fara, ruwa yana sauka a hankali. Da ya gama, ko ɗigo ya daina sauka. Daga nan ya tafi kasuwa ya sayo soda, irin wadda masu haɗa sabulu ke amfani da ita, domin wani abokinsa ya ce tana narkar da kome. Ya juye ta a ramin, ruwan ya ɗauki zafi yana tururi, muka ja da baya muna jiran mu ji ya zurare. Har gari ya waye bai zurare ba. Ga mu da wurin wanka cike da ruwan da ba mai iya sa ƙafa a ciki, dole maza suka koma wanka da bokiti a bayan ɗaki. A nan ne Baba ya aika aka kira mai gyaran famfo, ni kuwa aka sa ni in zama mai miƙa masa kaya.

Mutumin nan dattijo ne, ba shi da yawan magana. Da ya leƙa, tambayar da ya fara yi ita ce, "Alhaji, an zuba wani abu a cikin ruwan nan?" Baba ya ce an zuba soda. Ya girgiza kai ya ce, "Gara da na tambaya. Da na sa hannu haka nan, da yau fatata ta saɓule." Ya sa safar hannu ta roba mai kauri, ya ce da ni, "Kai samari, kawo mini tsohon bokitin roba da moɗa, ka kuma tsaya nesa." Ya kwashe ruwan nan sarai, ya ɗauraye wurin sau uku, sa'an nan ya fara aiki. Abin mamaki, aikin kansa bai kai rabin sa'a ba, kuma bai yi amfani da kome ba sai waya.

Kafin in faɗi yadda ya yi, ya kamata mu san hanyar da ruwan wanka ke bi, domin wanda bai san hanya ba ba zai san inda aka tare ta ba. A wurin wanka irin na zamani, mai daɓen siminti ko tayil, ruwa yana fara shiga ta wani murfi mai huji-huji. A ƙarƙashin murfin akwai wata lanƙwasa mai kama da harafin U, ko kuma wani ɗan ƙoƙo, wanda kullum yake riƙe da ruwa kamar na inci 2. Wannan shi ake kira tarko. Daga tarko sai bututu, wanda faɗinsa yakan zama inci ɗaya da rabi ko inci 2, ya ratsa ƙarƙashin bango ya fita waje. A gidaje da yawa akwai ɗan ramin dubawa mai murfin siminti a bayan bangon. Daga nan ruwa ya wuce ko dai cikin kwata, ko cikin wani babban rami da aka cika da duwatsu don ƙasa ta shanye shi, wanda magina ke kira sokawe.

Da na ga tarkon nan sai na ce, "Malam, ai wannan lanƙwasar ce ke tare datti. Me ya sa ba a miƙe bututun kawai ba?" Ya yi dariya ya ce in na miƙe shi ba zan iya zama a gidan ba don wari. Ashe ruwan da ke kwance cikin lanƙwasar shi ne ƙofar da ke hana iskar rami da kyankyasai hawowa cikin gida. Dabarar ta daɗe. Wani maƙerin agogo ɗan ƙasar Sikotland mai zama a Landan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar bututu mai lanƙwasa kamar harafin S a shekarar 1775, don masai na ruwa, kuma har yau a kan wannan tunani ake tafiya. Sai dai kowane amfani da wahalarsa. A lanƙwasar nan ruwa yake rage gudu, saboda haka a nan ne abin da ruwan ya ɗauko yake samun wurin zama.

To, mene ne ruwan yake ɗaukowa? Na farko gashi. Masana sun ce mutum mai lafiya yakan zubar da silin gashi tsakanin 50 zuwa 100 a kowace rana. Mu tara ne a gidanmu, ke nan in aka yi lissafi muna zubar da tsakanin 450 zuwa 900 kullum. Ba dukansu ke shiga magudana ba, amma ko kashi ɗaya cikin goma ne ya shiga, a wata uku an tara abin kirki. Gashi kuwa ba ya ruɓewa da wuri kamar tuwo ko ganye, domin an halicce shi da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, irin wanda ke cikin farce da ƙaho da kofato. Sili ɗaya ya maƙale a jikin murfi ko a wata 'yar gaɓa ta bututu, na biyu ya zo ya sarƙe da shi, a hankali su zama kamar komar masunta.

Na biyu shi ne dauɗar sabulu. Wannan sai da na koma littafinmu na kimiyya na fahimce ta sosai. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magnisiyam da ya narko daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Irin ruwan nan ne sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa, kuma shi ne ke barin farin ɓawo a gindin tukunyar dafa ruwa. Idan sabulu ya gamu da sinadaran nan sai su haɗu su zama wani abu fari-fari mai danƙo wanda ba ya narkewa. Duk wanda ya taɓa wanka da ruwan sama ya san bambanci, sabulu kaɗan sai kumfa ta tashi, domin ruwan sama ba shi da su. Danƙon nan shi ke liƙewa a jikin gashin da ya sarƙe. Sai kuma na uku, watau maiƙo: man shafawa, da man kitso, da man kaɗanya, da maiƙon da jikin mutum kansa ke fitarwa. Da ruwan ɗumi sukan narke su bi ruwa, da sun isa bututu mai sanyi sai su daskare, musamman da hunturu.

Ni da Yayana mun riga mun yanke hukunci cewa laifin mata ne, su da ke tsefe kitso su wanke kai a wurin wanka. Da dattijon ya jawo abin da ya toshe, ya shimfiɗa shi a kan tsohuwar jarida, sai kunya ta kama mu. Gashi da zaren kitso suna nan, ba shakka. Amma akwai zaren soso mai yawa, da ledar garin sabulu guda biyu, da guntayen sabulu, da reza ɗaya da ta yi tsatsa. Da ya sa hannu cikin tarkon kuma, sai ya yi ta kwaso yashi, har ya kusa cika gwangwanin madara biyu. Ya tambaya ko akwai masu buga ƙwallo a gidan. Ba wanda ya amsa, ƙanwata ce kawai ta fashe da dariya. Mu ne ke dawowa daga fili da ƙafafu buɗu-buɗu mu wanke su a nan, har da takalman. Yashi yana da nauyi, ba ya iya hawa ɗaya gefen lanƙwasar, sai ya kwanta a gindinta.

Akwai wani abu da ya daure mini kai, watau yadda magudana takan yi wata da watanni tana aiki sa'an nan a ga kamar rana ɗaya ta lalace. Lissafin da muke yi a aji ya ba ni amsa. Idan datti ya liƙe a jikin bututu mai faɗin inci 2 har hanyar da ta rage ta koma inci 1, ba rabin hanya aka rasa ba. Girman da'ira yana tafiya ne da faɗinta sau faɗinta, saboda haka abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin huɗu. Idan ta koma rabin inci, saura kashi ɗaya cikin 16. Da fari bututun yana da sarari fiye da bukata, shi ya sa ba a lura. Ran da aka fara ganin ruwa yana taruwa a ƙafa, to, aikin ya riga ya yi nisa a ciki.

Yanzu ga yadda ake buɗewa. Abu na farko shi ne a gane inda toshewar take. A je a ɗaga murfin ramin dubawa na waje. Idan babu ruwa a ciki, ko kuwa ɗan kaɗan ne ke tsiyayowa, matsalar tana tsakanin wurin wanka da ramin, watau a tarko ko a bututu, kuma wannan aiki ne da ɗalibi zai iya. Idan kuwa ramin cike yake fal, ko an ga wurin wanke-wanke shi ma ruwansa ya daina wucewa, to, matsalar tana gaba, ko bututun da ke zuwa sokawe ya toshe, ko sokawen ya daina sha. Haka yakan faru a watan Agusta lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, ko kuma idan maiƙo ya shafe duwatsun ramin bayan shekaru. Wannan na manya ne da masu sana'ar. Kada wani ya yarda ya shiga irin ramin nan ko ya zura kansa ciki. Ruɓaɓɓen datti yana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin warin kansa, mutum ya zaci ta tafi, alhali kuwa tana iya sumar da shi nan take.

Namu ramin babu ruwa a ciki, saboda haka dattijon ya dawo ciki. Ya ɗauki wayar rataye riga, ya miƙe ta, ya lanƙwasa bakinta kaɗan kamar ƙugiya. Ya zura ta a hankali har ya ji ta taɓa abu mai laushi, ya murɗa ta sau biyu ko uku, ya jawo. Abin da ya biyo ta baƙi ne, dogo kamar wutsiyar ɓera, warinsa kuwa ba a magana. Ya sake zurawa, ya sake jawowa, har sau bakwai ko takwas, sai da waya ta riƙa fitowa babu kome. Yana yi yana gaya mini cewa duk sirrin aikin ke nan, abin da ya toshe fito da shi ake yi, ba a tura shi. Kuskuren Yayana shi ne ya sa sanda ya danna. Dattin da yake sako-sako a bakin tarko, inda yatsa ma zai iya kaiwa, ya dunƙule shi ya cusa shi cikin lanƙwasa kamar an sa toshe a bakin kwalba.

Bayan waya sai ya ɗauko wata roba mai kama da ƙoƙo da aka kafa wa sanda, wadda ake sayarwa a shagunan kayan famfo. Ya zuba ruwa har ya rufe bakin robar, ya kifa ta a kan ramin, ya danna a hankali, ya fizgo da ƙarfi, ya yi haka kamar sau ashirin. Ya ce fizgowar ta fi dannawar amfani, domin ita ke girgiza abin da ya liƙe ta taso da shi sama. Wanda ba shi da robar yana iya naɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan sanda yadda zai cika bakin ramin, ya ɗaure shi tamau don kada ya zame ya shige, ya yi irin wannan motsi. Can sai muka ji wani ƙara, ƙululu, ruwan ya juya ya zurare gaba ɗaya. Na ruga waje na ga baƙin ruwa yana bulbulowa cikin ramin dubawa.

Daga ƙarshe ya ce Umma ta dafa ruwa. Da aka kawo bai zuba shi yana tafasa ba, sai da ya surka shi da na sanyi kusan daidai wa daida, ya barbaɗa garin sabulu irin na wanki, ya juye bokiti biyu a jere. Dalili shi ne bututun roba fari ko ruwan toka da ake sa wa gidaje yanzu an yi shi ne don ruwan da zafinsa bai wuce kimanin digiri 60 ba, tafasasshen ruwa kuwa yana kusan digiri 100. In ana yawan zuba masa yakan yi laushi ya lotsa, gam ɗin da ya haɗa gaɓoɓinsa ya saki, ruwa ya riƙa yoyo a ƙarƙashin daɓe ba a sani ba. Garin sabulu kuma ya fi sabulun wanka dacewa da wannan aiki, domin ba ya yin danƙon nan da ruwa mai kalsiyam, kuma yana kwashe maiƙo.

Bari in koma kan soda, tunda ita ta kusa jawo mana babbar hasara. Gaskiya ne tana cin gashi, tana kuma mai da maiƙo ya zama sabulu, shi ya sa ake sa ta cikin magungunan buɗe bututu. Amma ba ta cin yashi, ba ta cin leda, ba ta cin reza. Idan kuma hanya ta toshe gaba ɗaya ba ta da inda za ta, sai ta tsaya a sama ta zama tafkin wuta. Abin da take yi wa gashi shi take yi wa fata, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa, tana kuma cinye kwanon alminiyam. Wanda ta fallatsar wa ya yi ta kwarara ruwa mai tsabta a wurin, aƙalla minti 20, sa'an nan a kai shi asibiti. Kada kuma a sa robar dannawa a ramin da aka zuba mata, don za ta fantsamo fuska. Wasu kuma ruwan batir suke zubawa, wanda ke cin siminti da ƙarfe. Mafi muni shi ne mutum ya zuba wannan bai yi ba, ya ƙara da wancan. Idan ruwan batir ko wani mai tsami irinsa ya haɗu da ruwan bilic na wanke fararen kaya, irin su Hypo ko Jik, iskar kulorin ce ke tashi, wadda aka yi amfani da ita aka hallaka sojoji a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wurin wanka kuwa ɗan ƙaramin ɗaki ne, sau da yawa tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Akwai kuma wata dabara da ake yawan yaɗawa, wai a zuba hodar soda ta yin burodi a bi ta da ruwan khal, ko a nan gida a ce kanwa da lemon tsami. In aka haɗa su sai su yi ta kumfa suna shuu, mai kallo ya ce lalle aiki ake yi. Ni dai ban ga amfaninta ba. Tun kafin a kawo mana kimiyya a makaranta Hausawa suka ce kanwa ta kar tsami. Ɗaya yana kashe ƙarfin ɗaya ne, abin da ya rage bai fi ruwan gishiri ba, kumfar kuwa iska ce kawai, ba za ta tsinka gashi ba. Ba ta da haɗari, amma hasarar lemo ce.

Duk wannan bayani na wurin wanka mai bututu ne. Da yawa daga cikinmu kuwa gidajenmu makewayi ne irin na gargajiya, inda ruwa ke bi ta rariya a gindin katanga ya fita kwata. Can ma ana samun wannan matsala, har ta fi tsanani. Ganyen darbejiya da leda da yashi su ke toshe rariya, wani lokaci kuma masu gidan ne da kansu ke cusa tsumma ko dutse don tsoron ɓeraye da macizai, su manta. Ruwan da ya kwanta a gindin katangar ƙasa jiƙa ta yake yi yana zaizaye ta, sai damina ta yi nisa a ji ta zube, kuma sau da yawa katangar ta haɗa gida biyu ce, ga hasara ga ɓacin zumunci. Maganin a nan shi ne a yi wa bakin rariya siminti, a kafa mata raga, a kuma riƙa yashe kwatar waje don ruwan ya sami wurin zuwa. Kwatar da ta tsaya gidan sauro ce, domin da zafi daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi mako ɗaya zuwa kwana 10 ba. Irin ruwan dattin nan galibi sauron da ke hana barci da kuka ne ke haihuwa a cikinsa, mai kawo zazzaɓi ya fi son kududdufi mai ɗan haske, amma ba a rasa shi a inda ruwan wanka ya malala ya kwanta a rana. Kaka ta ce a zamaninsu duba-gari yakan shigo har cikin gida ya duba randa da kwata, wanda aka samu da ƙazanta a ci shi tara. Baba kuma ya tuna 1985, lokacin da gwamnatin soja ta sa tsabtar muhalli cikin shirinta na yaƙi da rashin ɗa'a, aka riƙa fito da mutane yasar kwatoci.

Kafin dattijon ya tafi, Baba ya biya shi, ya tambaye shi yadda za a yi kada a sake. Ya ce, "Alhaji, ni dai in kun bi abin da zan faɗa kun rage mini ciniki." Ya yanko 'yar raga irin ta taga, ya shimfiɗa ta a ƙarƙashin murfin, ya ce duk wanda ya gama wanka ya tsince abin da ya taru a sama kafin ya fita. Murfin kuma kada a sake cire shi don wai ruwa ya yi saurin wucewa, domin ta haka leda da reza suka shiga. Mata su taje kai a waje kafin su wanke. Masu ƙwallo su wanke ƙafa da takalmi a tsakar gida, a kan ƙasa. Guntun sabulu a liƙa shi a jikin sabo. Sau ɗaya a mako a ɗaga murfi a zura waya, a bi da bokitin ruwan ɗumi da garin sabulu. Idan kuma za a yi doguwar tafiya a bar gida, a san cewa ruwan tarko yakan ƙafe, shi ya sa ake dawowa a tarar da wari. Moɗa ɗaya ta ruwa ta isa ta mayar da shi.

Ya ƙara da wani abu wanda ya shafi masu gini. Bututun ruwan wanka yana bukatar gangara, kimanin santimita 2 da rabi a kowace mita. Namu tsawonsa mita 4 ne, ke nan ya kamata bakinsa na waje ya fi na ciki ƙasa da santimita 10. Idan magini ya kwantar da shi a miƙe, ko ƙasa ta lotsa tsakiyarsa ta yi ciki, to, kome tsabtar masu gida sai ya riƙa toshewa, kuma ba abin da zai raba su da wahala sai an tone an gyara shimfiɗar. Ya gwada namu ya ce ba laifi.

Aikin mako-mako ni aka ɗora wa har hutu ya ƙare, kowace Asabar da safe. Don in san ko hanya ta fara cushewa, sai na ƙirƙiro gwaji. Nakan cika bokiti in juye shi gaba ɗaya, in duba agogo. Ranar da aka gyara, daƙiƙa 15 ya ɗauka ya zurare. Duk ranar da na ga ya haura 25, na san akwai abin da ya taru, ko da ido bai gani ba. Gashin da nake cirowa kuwa Kaka ta hana a zuba shi a shara, ta ce ba a yar da gashin mutum a ko'ina, sai na haƙa ɗan rami a gindin bishiyar gwaiba in binne. Da zan dawo makaranta na damƙa wa ƙanena wayar da agogon Umma na tebur. A wasiƙar da ya aiko mini makon jiya ya ce bokiti yana zurarewa a daƙiƙa 18, sai dai ragar ta fara tsatsa, Baba ya ce za a sayo ta roba ranar kasuwa.